Ƙullin Bahaguwa

Zuwa ga Yaya Tela,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya kuma ƙafar Gwaggo? Na ji an ce tun da kamfani ya ba ku ɗaki a ƙasa a gidajen ma'aikata ta huta da hawan bene, har tana fitowa tsakar gida da sandarta. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai ɗan tari da ya zagaye yara, shi ma ya wuce.

Jakar da kika ɗinko wa Maman yara ta iso. Tun ranar ba ta sauke ta daga kafaɗa ba, ko kantin bakin layi za ta je sai ta rataya. Ta ce in yi miki godiya, ni kuma na ce ina tawa?

Na kira wayarki har na gaji, shi ya sa na koma takarda kamar mutanen da. Yaya, magana ce ke cina. Kin ga hoton da kamfaninku na motoci ya saki? Baƙi wuluk, wani abu lulluɓe da ƙyalle, sai wani siririn layi ruwan lemo da ya ratsa ta gefe, a ƙasa an rubuta wai a ƙarshen wata za a gani. Shi ke nan fa, ko kalma ɗaya ba su ƙara ba. Wannan hoton ya hana ƙungiyarmu ta masu sha'awar motar lantarki sakat. A taron da muke yi a wurin caji na bayan babban kanti, saura kaɗan a ba hammata iska. Mai Kemis ya rantse sabon batir ne. Lauya ya ce mota ce mai tuƙa kanta, wadda in ta tabbata ni mai koyar da tuƙi sai in nemi wata sana'a. Dogo kuwa rula ya zo da ita ya auna inuwar a jikin waya, ya ce a-kori-kura ce.

Abin da ya ƙona min rai, ina buɗe baki Mai Kemis ya ce sakataren da bai da mota ya bari masu mota su yi magana. A gaban kowa! Na ce masa ni 'yar uwata ce ke ɗinka kujerun da yake zama a kai. Gwaggo mahaifiyarki da Babana kakansu ɗaya, ai ban yi ƙarya ba.

Don Allah ki ɗan tsegunta min. Ba sai kin faɗi duka ba, ko da alama ce.

Ƙanenki,
Sakatare

*

Sakatare,

Mun amsa gaisuwa. Muna lafiya, Gwaggonka ma da sauƙi, ta ce a shafa mata kan yara. Asibitin ma'aikata sun canza mata magani, yanzu tana iya sa takalmi.

Wayar da kake kira, a bakin ƙofar masana'anta ake karɓe ta a kulle a akwati sai an tashi. In na dawo kuma na ga kiranka jere, na san ba lafiyata za ka tambaya ba. Yaushe rabon da ka kira ni ba a kan mota ba? Ko ranar da aka kwantar da Gwaggonka, gaisuwa biyu ka yi ka shiga tambayata nauyin batir. Ni kujera nake ɗinkawa, ban taɓa ganin batir ba sai a talabijin kamar kowa.

Kuma wa ya aike ka ka kai sunana gaban mutanen da ban sani ba? Manyan mutane da gemu, sun bar iyali a gida suna auna inuwa da rula. Kai ma da ka kafa na'urar caji a bangon gidanka shekara da shekaru babu motar, Maman yara na shanya a kan wayar, ai da ka yi shiru da Mai Kemis ya faɗa maka gaskiya.

Ka saurara da kyau. Duk wanda ke aiki a sashenmu ya sa hannu cewa ba zai fitar da komai ba kafin ranar sanarwa. Wanda aka kama, aikinsa ya tafi, kuma ɗakin nan da muke ciki na aikin ne, asibitin ma haka. Kada ka ƙara tambayata, ba a takarda ba, ba a waya ba.

Abu ɗaya kuma. Jakar nan da na aiko, ka ce wa Maman yara ta adana ta a cikin akwati, kada ta fita da ita sai wata ya ƙare. Kada a nuna wa kowa. Ba zan yi bayani a takarda ba, ka dai yi yadda na ce.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya Tela,

Da fatan kin tashi lafiya, ke da Gwaggo. Mun ji daɗin labarin takalmi, Allah ya sa ta ajiye sandar gaba ɗaya. Yara suna gaida ku.

Yaya, ashe haka kike da wayo! Na karanta wasiƙarki na ji zafin faɗan, har na ninke ta na ajiye. Sai da na sake karanta ƙarshenta na gane. Kin san ana iya buɗe takarda a hanya, shi ya sa kika yi faɗan don idon mutane, sannan kika nuna min inda zan duba. Na karɓi jakar daga hannun Maman yara, na zazzage tarkacenta a kan gado, na kai ta bakin taga. Fatar baƙa ce irin ta kujerun da kowa ya sani, amma ɗinkin! Zare ruwan lemo, layi biyu masu karkata kamar ƙashin kifi. Na ɗora hoton kamfani a gefe, na buɗa shi sosai. Wallahi layin nan da ke cikin hoton ba fitila ba ce kamar yadda kowa ke cewa, ɗinki ne, kuma shi ne wannan.

Na lissafa abina. Ba wanda zai ɓata lokaci yana ƙawata kujera da irin wannan ɗinki a motar ɗaukar kaya. Ƙaramar mota ce ta iyali, mai kyan ciki. Ranar taro na ajiye jakar a kan bonet ɗin motar Mai Kemis, na yi musu bayani tiryan-tiryan. Da kin ga fuskarsa! Ya sha mur, ya ce wai zaren kasuwa ne. Dogo ya ɗauki bidiyo ya sa a zauren ƙungiya na waya, kafin mu watse wasu ƙungiyoyin sun ɗauka. Yanzu har mutanen da ban san garinsu ba suna turo min tambaya.

Ki kwantar da hankalinki, ban faɗi sunanki ba. Cewa kawai na yi wata 'yar uwa ce daga ciki. Maman yara tana ta mita wai kin ce a ɓoye, na ce mata ba ta san yadda ake karanta irin wannan saƙon ba.

Na gode, Yaya. Kin fitar da ni kunya.

Ƙanenki,
Sakatare

*

Sakatare,

Lafiya muke, in ana kiran wannan lafiya. Gwaggonka ba ta san komai ba, kuma kada ka kuskura ta ji daga bakinka.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kai wane irin mutum ne? Na rubuta maka da hannuna, a ɓoye jaka, kada a nuna wa kowa. Wace kalma ce ta yi maka nauyi a ciki? Matarka da ba ta zuwa taron masana ta gane, kai mai karatun inuwa ka juya maganata ta koma abin da ranka ke so. Wasiƙarka ma ba ita ta fara kawo min labari ba. Wata abokiyar aikina ce ta tare ni a wurin karɓar waya, ta miƙo min tata, na ga jakata a kan bonet, na gan ka kana nuna ɗinkin da biro kamar malamin makaranta.

Tunda ka tilasta min, bari in faɗa maka abin da na ƙi rubutawa. Ragowar tsohuwar fata da ake yarwa, kowa na ɗiba ya ɗinka ɗan abin kyauta a lokacin hutu, shugabar layinmu ta sani, ita ma tana yi. Na zauna a kan kekena da zaren da ke cikin kwarkwaro, na ɗinka. Watanni ke nan hannuna na bin sabon ɗinkin daga safe zuwa yamma, shi ya bi ba tare da na lura ba. Sai da jaka ta yi nisa a hanya na tuna. Da ka ajiye ta a akwati, da wata ya ƙare babu wanda zai waiwaye ta.

Wai ba ka faɗi sunana ba! Sannu da ƙoƙari. Mu 'yan kaɗan ne aka ware wa wannan ɗinkin, a ɗaki guda da aka toshe tagoginsa. A cikinmu ni kaɗai ce bahaguwa. Kowace tela tana da yadda take ƙulle zare in ta kai ƙarshen layi, nawa ta hagu yake kwanciya. Dogon naka ya kai kyamara har kan ƙullin. Shugabar layinmu ko a cikin duhu ta shafa ɗinki ta san hannun wa ya yi shi.

Yau da safe ta wuce ta bayana ba ta amsa gaisuwata ba. Tun da na fara aiki a ƙarƙashinta ba ta taɓa yin haka ba.

Ka goge bidiyon nan yau. Ka sa Dogo ya goge. Ka fito ka ce ƙarya ka yi, ka ce a kasuwa ka sayi jakar ka shirya abinka don ka burge mutane. Su yi maka dariya, dariya ba ta kashe kowa. In aikin nan ya tafi, ka faɗa min inda zan kai tsohuwa mai ciwon ƙafa.

Yayarka, wadda ka jefa a masifa

*

Yaya Tela,

Ina gaisuwa, ina kuma gaida Gwaggo. Mu ma nan ba daɗi, tun da wasiƙarki ta zo Maman yara ba ta yi min magana ba sai ta bakin yara.

Na karanta, kuma gaskiya raina ya ɓaci. Haba Yaya! Kin zage ni tas kamar wani yaron gidanki. Da tun farko kin fito fili kin ce ga kuskuren da kika yi, ai da na gane. Kin rufe magana kin bar ni da hasashe, yanzu kuma laifin duka nawa ne? Ni na zauna a kan keken? Ni na sa zaren?

Na sa Dogo ya goge nasa, ya goge. Amma abin ya riga ya fita hannunmu, in ka rufe nan sai ya ɓullo can. Batun in ce ƙarya na yi kuwa, ki yi haƙuri, ba zan iya ba. Kin san abin da Mai Kemis zai yi da wannan? Zaɓen ƙungiya ya kusa. Shekaru ina ɗaukar musu kujeru, ina rubuta musu bayanin taro, suna kallona kamar ɗan rakiya. Yau ɗaya da aka saurare ni, sai in tashi in ce ni maƙaryaci ne? Da wane ido zan ƙara shiga cikinsu?

Kuma ina ganin tsoro ne ya yi miki yawa. Kamfani mai girma haka zai tsaya bin ƙullin zare? Lauya ya ce irin wannan surutun talla ce kyauta gare su, wasu kamfanonin ma da gangan suke sakin abu. Ya ce ba mamaki a ƙara miki girma. Shugabar taku wataƙila kanta ke ciwo ranar.

Ki daure zuwa ƙarshen wata. In an yi sanarwa, magana ta mutu, sai mu yi dariyar abin.

Ƙanenki,
Sakatare

*

Zuwa ga Yaya Tela,

Gaisuwa da fatan alheri. Shiru, shiru, ba amsa. Na kira ba a ɗauka, na rubuta ba a mayar. Na ce wa Maman yara da wani abu ya faru ai da mun ji, shirun nan fushi ne kawai, kuma na san fushinki ba ya daɗewa. Ya ƙafar Gwaggo?

Yaya, kin kalla? Mu a shagon Mai Kemis muka taru, ya sauko da talabijin ya ɗora a kan kanta. Aka yi ta kiɗa da hayaƙi, shugaban kamfani ya yi ta zuba har mutane suka fara tsaki. Can aka ja ƙyallen. Ƙaramar mota ta iyali! Da kyamara ta leƙa ciki, ga kujeru baƙaƙe, ga ɗinki ruwan lemo layi biyu, sak na jikin jakar. Shagon ya kaure da ihu. Dogo ya ɗaga ni sama har kaina ya bugi fanka, Allah ya sa a kashe take. Lauya ya ce shi dama zuciyarsa ta ba shi. Mai Kemis ya miƙo min hannu ya ce Sakatare, ka iya. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

An yi zaɓe, kuma ba ni da abokin takara. Yanzu ƙanenki ne shugaban ƙungiya. A jawabina na ce akwai wata baiwar Allah da ba zan ambata ba, wadda hannunta ya ɗinka abin da duniya ke kallo, aka tafa miki sosai.

To kin gani? Asiri ya zama na kowa, ba sauran abin ɓoyewa. Ki sauke fushin nan haka. Mutanenmu suna tambaya ko ma'aikata na samun ragi in za su saya, in da hali ki bincika mana.

Ƙanenki,
Shugaba

*

Shugaba,

Na ga sabon sunan, Allah ya sanya alheri. Ka tambayi lafiya. Jikina lafiya, ƙafar Gwaggonka tana nan yadda take.

Ka ce da wani abu ya faru da kun ji. Daga bakin wa za ku ji? Washegarin da wasiƙarka mai maganar Lauya ta iso aka kira ni ofis. Mutum biyu da ban taɓa gani ba, da shugabar layinmu a tsaye a gefe. Suka juyo min da allon kwamfuta, ga ƙullina ya cika shi, ya yi girman hannu. Ba su ɗaga murya ba. Suka tambaye ta hannun wa ne, ta faɗa. Ban ji haushinta ba, ita ma tana da 'ya'ya.

Ta roƙa min, har da hawaye. Suka ce hanya ɗaya ce: in mutumin da ke cikin bidiyon ya fito ya janye maganarsa kafin ranar sanarwa, za a tsaya a gargaɗi. Abin da na riga na roƙe ka ke nan, amsarka kuma tana cikin jakata, na karanta ta har na haddace. Da wane ido za ka shiga cikinsu. Na ɗauki biro zan sake roƙonka, na ga ba zan iya durƙusa wa mutum sau biyu a kan abu ɗaya ba. Suka karɓe wayata don bincike, suka ce in zauna a gida. Kullum da safe sai in sa rigar aiki in fita, in je in zauna a tashar bas har lokacin tashi, don kada tsohuwa ta gane.

Washegarin sanarwar suka sallame ni. Na miƙa katin shiga, na kwashe almakashina da ɗan kofin shayina. An ba mu zuwa ƙarshen watan gobe mu bar ɗakin. Katin asibiti ya daina aiki tun ranar. Na zaga neman haya, duk ɗakin da ƙarfina zai kai a saman bene yake, wani hawa uku, wani huɗu. Ka gaya wa Lauya wannan ne ƙarin girman. Masu neman ragi kuma ka ce musu ba ka da kowa a ciki yanzu.

Ina jin haushinka, haushin da ban taɓa jin irinsa a kan wani ɗan uwa ba. Da ma ka yi kuskure ne a hasashen naka, da na ce wauta ce ta ci mu duka. Amma ka san gaskiya ka faɗa, na faɗa maka abin da za ta jawo min, ka auna ni da tafin mutanen shagon magani, ka zaɓi tafi.

Ranar sanarwa Gwaggonka ta sa aka kunna talabijin, ta aika aka kira maƙwabta, ɗakin ya cika. Da aka nuna kujerun ta buga sandarta a ƙasa ta ce, ku duba da kyau, 'yata ce ta ɗinka wannan. Ta yi ta sa wa kamfani albarka, ta ce mutanen da suka ba ta ɗaki a ƙasa Allah ba zai bar su su taɓe ba. Ina zaune a bayanta ina ji.

Har yanzu ba ta sani ba. Jiya ta ga na fara tara kwalaye, ta tambaya, na ce shara nake. Na gwada faɗa mata ya fi a ƙirga, bakina ya ƙi.

Saboda haka ba takarda nake so daga gare ka ba, kada ka sake rubuto min. Ka shigo mota ka zo kafin watan nan ya ƙare. Za ka zauna a gabanta, a kan tabarmar da ka saba zama in ka zo gaishe ta, ka yi mata bayani tiryan-tiryan yadda ka yi wa mutanenka. Ni zan tsaya a bakin ƙofa ina ji. In ka gama, sai ka taya ni tunanin yadda za a hau da ita bene.

Tela